Iskar da Ta Rage a Silindar Markus

"Ba tsinken za ka gasa ba, Malam Lawan. Bututun za ka gasa."

Markus ya faɗi haka ne daga kan tabarma a bakin ƙofar ɗakinsa, yana jingine da ƙirjin matarsa Tabita, kowace kalma sai ya yi kokawa da numfashi kafin ta fito. Lawan na tsugune a tsakar gida, kan walda a hannun dama, tsinken sinadari a hagu. Sinadarin ya narke, ya dunƙule kamar ƙwayar dawa, ya gangara ƙasa bai kama komai ba.

"Kashe wutar! Mai da masa tiyon!" in ji maƙwabciyarsu Hajiya Uwani.

Lawan ya kashe, ya kwance tiyon iska daga jikin kan waldar, ya miƙa wa Tabita, ta kara shi a hancin mijinta.

A makon ƙarshe na Fabrairun 1985 ne, likitocin gwamnati suna yajin aiki a faɗin ƙasa. Tun da safe Lawan ya zagaya da maƙwabcin nasa asibiti uku a cikin tasi, ko'ina a ce musu babu likita, babu iska. Shekara goma sha huɗu Markus, mutumin Filato, ya yi yana liƙin bututun jan ƙarfe a wata masaƙa ta Bompai, yana shaƙar hayaƙin sinadari da ƙurar auduga, kafin a sallame su a ragin ma'aikata na 1984. Daga nan ya kafa sana'arsa a gidan hayarsu na Dakata: lagireton mota, bututun firji, butar shayin da ta ɓule. Silinda ɗaya ta oksijin yake da ita, ita ce yanzu ke riƙe da ransa.

Hajiya Uwani, wadda ta yi shekara ashirin tana aikin jinya kafin ta yi ritaya, ita ta yi musu lissafi. Ƙanen Tabita zai zo da mota gobe da asuba ya kai Markus asibitin mishan a Jos. Amma da wannan ƙaton tiyo, rabin iskar a tsakar gida take watsewa, ba za ta kai isha'i ba. Sai an ratsa da ita ta cikin kwalbar ruwa, ta fito ta siririn tiyo kaɗan-kaɗan. Kwalbar kuwa tana buƙatar murfin tagulla da bututu biyu a liƙe, babu yoyo. Sun gwada ɗaurin robar tayar keke, iskar ta fincike shi. Mai waldar bakin titi ya tafi ƙauye biki. Wuta ba ta narka wannan sinadari sai da oksijin, oksijin ɗin kuma guda ce: ko ta tafi ga harshen wuta, ko ta tafi ga Markus.

Lawan ya dubi agogon silindar. Allurar ta sauka ƙasa da kwata. Sau biyu ke nan ya ƙone numfashin mutum a banza.

"Baban Lami, ba zan iya ba," ya ce wa Markus. "Ni masaƙi ne. Zare na sani. Wallahi ban taɓa riƙe wannan abu ba sai yau."

"Na gani ai," in ji Markus. Ya yi tari mai tsawo. "Kana riƙe shi... kamar mai ƙona akuyar Sallah."

"Kana cikin wannan hali kana tsokanata?"

"Shekara tara ina cin naman layyarka. Yau dai ka biya."

Tabita ta ce, "Baban Lami, don Allah ka daina magana, iskar kake ɓatawa." Ta juya ga Lawan, idanunta jajur. "Malam, ko a bar shi haka? Duk sanda aka cire tiyon nan, ina jin zuciyarsa a jikina kamar za ta faso."

Duk suka dubi Hajiya Uwani. Ta kalli allurar.

"In an bar shi haka, ba zai ga motar ba," ta ce. "In an sake cirewa, ban sani ba. Ban taɓa yi muku ƙarya ba, ba zan fara yau ba."

Markus ya ɗaga yatsa, ya yafito Lawan. Da ya durƙusa kusa da shi, sai ya ga leɓunansa sun yi toka-toka.

"Saurara. Laifin ba na wuta ba ne. Ba ka goge ba. Jan ƙarfe ba ya karɓar sinadari da datti a jikinsa. Goge har ya yi ƙyalli. Kada ka taɓa wurin da hannu. Shafa farar hoda. Gasa murfin, shi ne mai kauri. In hodar ta zama kamar ruwa, jan ƙarfen ya yi ja kamar gauta, ka janye wutar, ka taɓa tsinken. Shi zai shiga da kansa. Kada ka tura shi."

Lawan ya goge bututun da takardar yashi har fatar babban yatsansa ta saluɓe. Ya shafa hodar. Ya jera komai a kan bulo biyu yadda ba zai ɓata ko daƙiƙa ɗaya ba. Sannan ya miƙa hannu.

Tabita ta ƙanƙame tiyon. Markus da kansa ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

Lawan ya yi bisimilla, ya kunna. Harshen wutar ya tashi rawaya, Lawan ya buɗe iskar, harshen ya koma shuɗi siriri.

"Rage," in ji Markus daga bayansa. "Yawwa. Zagaya... kada ka tsaya wuri ɗaya."

Ya zagaya. Hodar ta kumbura, ta yi fari, ta lafa ta zama kamar ruwa. Ja ya fara bin tagullar. Ya janye wutar, ya taɓa tsinken, sai ya ga abin da bai taɓa gani ba: sinadarin ya zube, ya kewaye gindin bututun da kansa, ya shige cikin tsagar kamar ana zuƙarsa. Ya koma kan na biyu. Bai ji an gyara masa ba, ya ɗauka daidai yake yi. Na biyun ma ya sha.

"Ya kama! Baban Lami, ya kama!"

Ya tsoma murfin a bokiti, ya fizgo shi tun yana tururi, ya ɗaura a kwalbar, ya haɗa tiyo, bai ko ji ƙunar tafin hannunsa ba. Sai da ya juyo ya ga Hajiya Uwani ta saki wuyan hannun Markus, ta ajiye shi a kan tabarma a hankali, tana salati ƙasa-ƙasa.

Tabita ba ta yi kuka ba. Ta karɓi siririn tiyon daga hannun Lawan, ta saka a hancin mijinta, ta gyara masa kai a kafaɗarta.

"Buɗe, Malam," ta ce.

Lawan ya murɗa makunnin.

Babu yoyo ko kaɗan. Su uku suka zauna a tsakar gidan, rana ta karkata ta bar bangon yamma, 'yan kumfa suna tasowa daga gindin kwalbar ɗaya bayan ɗaya, suna fashewa a saman ruwa.