Yadda Aka Yaye Kaka daga Ƙofar Aji

Kowace safiya sai an yi daru a ƙofar ajin yara masu buƙata ta musamman, kuma masu darun ba sa canzawa: Kaka da jikarta Auta. Auta ba ta magana, amma in ta ɗaga murya har mai gadi sai ya waiwayo. Da ƙafarta ta taɓa bakin ƙofa sai ta zube ƙasa, ta cire takalmi ɗaya ta wurga. Kaka kuwa zuciya gare ta kamar auduga. Sai ta zaro biskit daga jaka ta ce, "Yi shiru ƙawata, mu tafi gida, gobe ma rana ce."

Goben ta yi ta zuwa har Hedimasta ya gaji. Ya ce in Auta ba ta fara zama a aji ba kafin hutu, zai ba wani yaro gurbinta, masu jira da yawa. Ga shi babu wata makaranta kusa da za ta karɓe ta, uwarta kuma tana wurin aiki wuni guda.

Malamar ajin ta zaunar da Kaka a kan 'yar kujerar yara, gwiwoyi har ƙirji. Kaka ta dubi siririyar yarinyar nan mai tabarau, a ranta ta ce wannan ko goyo ba ta taɓa yi ba.

"Kaka, me ke faruwa kafin kukan?"

"Isowa ƙofa."

"Bayan kukan fa?"

"Biskit, sai gida."

"To ai ni ma da zan samu haka, kullum sai na yi birgima a ofishin Hedimasta. Kukan nan aiki ne mai lada, kuma ke ce mai biya."

Malama ta ce kukan shi ne bakin Auta, don haka wani bakin za a ba ta. Ta nuna kati mai hoton biskit da wani mai hoton katifar hutawa. Biskit zai bar bakin ƙofa ya koma cikin aji. Da farko za ta riƙe hannun Auta su miƙa katin tare, daga baya ta taɓa gwiwar hannu kawai, har ta saki gaba ɗaya.

"Amma ki sani, sai abin ya ƙaru kafin ya ragu. In aka ɗauke ruwa, ai sai mutum ya murɗa famfo da ƙarfi kafin ya haƙura."

Haka kuwa aka yi. Takalmi ɗaya ya zama biyu, guda ma a kan tiren shayin Hedimasta ya sauka. Kaka ta kasa jurewa. Ta zagaya ta bayan aji, tsohuwa da ita tana ɗage a kan tukunyar fure, tana zura biskit ta taga. Malama ta ga ɓurɓushi a kan taga, ta share.

Washegari Kaka na sakin hannun Auta, sai ga mai shara ta ja ta gefe.

"Kaka, kin kuwa ji abin da ke tsakanin mai gadi da mai dafa abincin yara? Zo ɗakin shayi."

Kaka ta dubi taga, ta dubi mai shara. Ƙafa dai ta san inda daɗi yake. Shayi da zafinsa, labari da gishirinsa, sai da aka zo daidai inda matar mai gadi ta shigo kicin ta ɗauki ludayi, mai shara ta ɗauki tsintsiya ta ce aiki na jiranta.

Ranar da Kaka ta koma zura biskit ta taga kuwa, sai ta tarar da ɗakin shayi a kulle, mai shara na can tana goge bene kamar ba ta taɓa saninta ba. Ba a daɗe ba Kaka ta zama da ta miƙa yarinya sai ta wuce, ko waige babu.

Wata safiya tana tsakiyar kurɓa sai ta ji makarantar shiru. Ta lallaɓa ta leƙa. Ga Auta zaune, takalma biyu a ƙafa, ta miƙa katin biskit da hannunta, Malama ta ba ta ɓari tana yaba mata. Hedimasta na tsaye a gefe, ya ce gurbi na Auta ne, shi dai a bar masa tirensa lafiya.

Kaka ta goge ido da gefen mayafi. Sai ta hangi mai shara da Malama suna ƙifta wa juna ido. Nan take ta gane.

"'Yar nan, ashe ni ma kin sa ni a aji?"

Malama ta ce, "Kaka, ai ke ce ta ɗaya. Yanzu sai a fara rage biskit a hankali, yabo ya maye gurbinsa."

"Nata ki rage," in ji Kaka, ta gyara jaka ta nufi ɗakin shayi. "Ni ban kai wurin ba tukuna. Har yau ban ji abin da matar mai gadi ta yi da ludayin ba."