Wanda Ba a Ba Shayi Ba

Kofi huɗu Ɗantala ya jera a kan akwatinsa na ƙarfe, ya tsiyaya shayin madara mai kauri da ake kira karak a cikinsu da natsuwa irin ta mai rabon gado. Abokan ɗakinsa kuwa su biyar ne. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana miƙawa, da ya zo gadon Baba Mutala, dattijon da ke tuƙa motar ma'aikata, sai ya wuce kamar ya wuce ginshiƙi. Tsohon ya janye hannun da ya fara miƙowa, ya sosa gwiwa da shi.

Mako na goma ke nan ana haka kowace safiya a wannan ɗaki na masaukin ma'aikata da ke unguwar Mu'aither, can ƙasar Larabawa.

Ɗantala mai gadi ne a wani benen ofisoshi a unguwar Al-Sadd, amma da za a tambaye shi sana'arsa, cewa zai yi marubucin labaran bincike ne, gadin kuma rashin adalcin duniya. Kowace Juma'a yakan saki babi ɗaya a wani zauren WhatsApp da yawancin mutanensa matan Kano da Zariya ne. Gawa a babi na farko, ɗan sanda mai yawan shafa gemu a na biyu, makashi a na goma sha biyu. Abin taƙamarsa ɗaya ne tak: babu mai karatun da ya taɓa gano makashi kafin shi ya ga dama.

Kullen korona ne ya tona masa asiri. An yi watanni a zaune wuri ɗaya, ba aiki sai jiran abinci da gwajin zafin jiki. A nan ne Ɗalhatu, wani abokin ɗakinsa, mai gadi ɗan Gusau da bai taɓa kai littafi ƙarshe ba, ya ga abin da masu karatu ba su da halin gani. Ɗantala bai iya ƙirƙirar mutum ba, aro yake yi. Duk mutanen labaransa 'yan ɗakin nan ne aka sauya wa suna. Wanda kuma ya zaɓa ya zama makashi, sai ya shiga yi masa hidima: ya dafa masa shayi, ya tambaye shi labarin ƙuruciya, ya kwashe tarinsa da tafiyarsa da yadda yake rantsuwa, sa'annan ya damƙa masa wuƙa. Ɗalhatu ya shiga zauren. Labari uku a jere, tun a babi na huɗu, yana rubuta sunan makashi ya koma barcinsa.

Hajiya Rahmatu, mai zauren, ba ta tsaya kwana-kwana ba. In aka sake gano makashi kafin lokaci, ta ce, Juma'a ta koma hannun wata baiwar Allah mai rubuta labaran aljanu.

Da Ɗantala ya yi dogon nazari, dabarar da basirarsa ta haifa ita ce wannan: ya zaɓi Baba Mutala, ya mayar da shi tsohon mai wanki a labarin, ya shayar da kowa ban da shi. Ko gaisuwarsa ya daina amsawa da kyau.

Safiyar nan, washegarin ranar da Maroko ta fitar da Fotugal a gasar cin kofin duniya, Ɗalhatu ya karɓi nasa kofin da muryar da ta dishe, don shi ke gadin ƙofa a filin wasa na Al Thumama.

"Marubuci, Allah ya ƙara wa adabi arziki," in ji shi. "Tun da na zo ƙasar nan ban sha shayin banza irin na bana ba."

"Sha," in ji Ɗantala. "Saura babi ɗaya. In ka isa, faɗi suna."

Kafin Ɗalhatu ya amsa, Baba Mutala ya miƙe, ya cire hularsa, ya zo ya tsaya gaban akwatin.

"Malam Ɗantala, jibi zan koma gida, kwangila ta ƙare. Na duba, na sake dubawa, ban ga abin da na yi maka ba. To, amma mutum ba ya ganin ƙeyarsa. In rediyona ne ya dame ka, in kuma wata magana ce ta kuɓuce mini, don Allah ka yafe. Ba na so in hau jirgi da haƙƙin kowa a wuyana."

Ɗantala ya dube shi sosai, irin duban da bai yi masa ba tsawon mako goma. Ya ga yadda yake naɗe hular yana warwarewa.

"Allah ya yafe mana baki ɗaya," in ji Ɗantala.

Sai ya ɗauki wayarsa, manyan yatsunsa biyu suka hau aiki. Daman babin amsa laifi ya ƙi zama tun shekaranjiya.

Ɗalhatu ya same shi a waje, wurin jiran mota.

"Tsohon mai wanki ne," in ji shi.

Ɗantala ya yi kamar an watsa masa ruwan sanyi. "Wa ya gaya maka?"

"A ƙofar filin wasa ba masu ihu muke kallo ba, Marubuci. Inda aka bar fili ake dubawa. Tun mako na biyu na sani."

"To me ya hana ka rubutawa?"

"Ina jira in ga ko kunya za ta riga ni. Je ka kira dattijon nan gefe, ka ce masa bai yi maka komai ba."

"Zai tambaye ni dalili. Mutum biyu a ɗakin nan suna cikin zaure. Bari Juma'a ta wuce."

"Jibi Talata."

"Ɗalhatu, ba ka san wahalar rufe labari ba. Ƙulli ɗaya in ya kwance..."

Ɗalhatu ya ciro wayarsa. Ɗantala ya bi yatsansa da ido kamar akuya ta ga mahauci. Amma ba suna ya rubuta ba. Ya danna wurin fita daga zaure, ya nuna masa.

"Khalas, shi ke nan. Riƙe Juma'arka."

Ran Talata Ɗalhatu ne ya ɗaukar wa Baba Mutala jaka har bakin mota. Sau biyu yana buɗe baki zai gaya masa, sai ya rasa wanne ya fi sauƙin kaiwa gida: ka tafi kana zaton ka saɓa wa mutum, ko ka tafi ka san an zauna da kai shekara huɗu, abin da aka ga ya dace da kai shi ne kisan kai. Ya ce masa Allah ya tsare hanya. Tsohon ya ce a ƙara ba Malam Ɗantala haƙuri.

Ran Juma'a babi na goma sha biyu ya fita. Ba wanda ya gano. Ɗantala ya sanar da zaure cewa mai tsegumin nan ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya gudu. Saƙonni suka yi ta zuba har la'asar. Hajiya Rahmatu da kanta ta rubuto cewa wurin da tsohon yake naɗe hula yana neman gafara ya sa ta hawaye, ga shi kuma mugu. Ta tambaye shi ina yake samo irin waɗannan abubuwa.

Ɗantala ya gyara zama a kujerar gadi, ya rubuta amsa.

"Baiwa ce, Hajiya. Ba a koyon ta."