Gwangwanin Ƙusa

Wani dare matar Dogo mai gyaran kujeru ta ji wani abu ya faɗi ƙwas a daɓe, kamar tsakuwa. Da safe ta share, sai ga haƙorin mijinta, har da saiwarsa. Na biyu ke nan. Dasashinsa ya daɗe yana jini, bakinsa na wari, sauran haƙoran suna rawa.

Dogo bai kai nesa da zargi ba. Shago ɗaya suka gada shi da ƙanensa Auta, ga shi kwanan nan Auta ya daina dariya, in zai yi magana sai ya kau da kai. Mai irin wannan hali, a ganin Dogo, akwai abin da ya binne. Har ya je wurin maƙwabcinsu mai walda, ya ce a raba shagon biyu da katangar ƙarfe.

Matar ce ta ja shi asibiti. Likita ta ce wasu halittu ne da ido ba ya gani, sun yi gari tsakanin haƙori da dasashi, suna jawo kumburin da ke cinye ƙashin da ke riƙe da haƙora.

"Wa ya turo su?" in ji Dogo.

"Baba, kowane baki na da nasa. Rashin wanki ke ba su ƙarfi. Amma miyau kan kai su daga baki zuwa baki."

Da ya koma shago ya zauna yana kallon Auta. Auta ya ɗebi ƙananan ƙusoshi ya watsa a baki, yana zaro su ɗaya-ɗaya yana bugawa. Da ya gama, ya tofar da sauran cikin gwangwani. Haka ubansu ya koya musu, kuma daga gwangwani ɗaya su biyun suke ɗiba.

"Kai, buɗe bakinka."

"Yaya, kai ma likita ka zama?"

"Buɗe, na ce!"

Ya buɗe. Dasashin ya kumbura jawur, gaba duk giɓi.

"Ashe kai ka sa mini!"

"Ni? Ni da nake kwana ina cewa kai ka yi mini asiri don ka cinye shago?"

Suka tsaya suna leƙen bakin juna, kowa na neman wanda ciwonsa ya fi daɗewa. Sai ga mai walda a bakin ƙofa da abin awo a hannu.

"To, masu gida, katangar nan in auna ne?"