Gida a Sama, Matar Gida a Ƙasa

Ranar da takardar inshora ta iso, Alcide Pitre ya karanta ta a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, ya sake karantawa a zaune, sannan ya ari tabarau na matarsa ya karanta karo na uku, ko nasa ne suke ƙara sifiri. Ba su ƙara komai ba. Dala dubu goma sha ɗaya a shekara, a kan gidan katako mai ɗaki uku da ubansa ya gina da hannunsa.

A garinmu, can kudu da Houma inda hanya take ƙarewa a cikin ruwa, kowa inshora biyu yake biya. Ɗaya ta iska, ɗaya ta ruwa, sai ka ce guguwar teku tana kawo iska ran Litinin ne ta dawo da ruwa ran Talata. Alcide ya shekara hamsin yana kamun jatan lande, guguwa shida ta bi ta kansa, amma bai san fargaba ba sai da takardun nan suka fara zuwa.

Ba kuɗin ne kaɗai ke cinsa ba. 'Yarsu Jeanette da ke aure a Houston ta riga ta share musu ɗaki a bayan gidanta har da labule, ta ce duk ranar da abin ya fi ƙarfinsu su sayar su taho. Alcide ya taɓa kwana uku a Houston, ya dawo yana cewa duk ruwan da ya gani a garin na famfo ne. Matarsa Zulma kuwa ba ta ce za ta ba, ba ta ce ba za ta ba, ga shi akwai jikoki a can. Wannan shirun nata ya fi takardar ba shi tsoro.

Wakilin inshora ne ya ba shi shawara ya ɗaga gidan ƙafa goma sha biyu, kuɗin inshorar ruwa zai faɗi. Aka samu tallafi, masu aikin suka zo da injinansu, gida ya riƙa tashi kaɗan-kaɗan da kwanuka a kabad da agogo a bango, har aka ɗora shi a kan ginshiƙan kankare. Takarda ta gaba ta zo da dubu huɗu. Alcide ya yi mako guda yana yawo da ita a aljihun gaba, duk wanda ya gaishe shi sai ya ganta.

Komai ya lissafa, ban da gwiwoyin Zulma.

Matakala ashirin da ɗaya ce. Ranar farko ta hau ana yayyafi, ta ɗauki minti ashirin, kowace matakala uku sai ta tsaya ta ambaci sunan waliyyi ɗaya, sannan ta ambaci sunan Alcide, kuma ba da murya iri ɗaya ba. Ko taga ba ta leƙa ba da ta isa. Washegari ta sauko ta tafi coci, da ta dawo ta tsaya a gindin matakala, ta ɗaga kai ta dubi gidanta, ta ce a sauko mata da kujerarta.

Daga kujera aka fara. Ƙarƙashin gidan akwai inuwa da iska mai daɗi, ga daɓen siminti sumul. Bayan kwana biyu ta ce murhu, don ba za ta ci girkin Alcide ba tana da sauran numfashi. Murhu ya jawo firiji, firiji ya jawo talabijin. Da gado ya sauko, ƙanenta Norris Cheramie, mai walda, ya zo ya kewaye musu wurin da katako da ragar sauro. Kafin wata shida suna zaune daidai inda suke zaune tun fil azal, cikin ɗakin da bai kai rabin na da ba, gidan da ake biya wa inshora kuma yana can sama babu kowa sai agogo yana buga wa bango lokaci.

Alcide ya san abin da takarda ta ce. Ƙarƙashin gidan da aka ɗaga, mota ce kawai aka yarda da ita, sai kayan ajiya da matakala. Babu gado, babu murhu, babu bango. Idan aka gani, rangwame ya tashi, dubu goma sha ɗaya ta dawo, daga nan kuma sai Houston da labulenta. Don haka da aka yi waya aka ce mai dubawa zai zo ɗaukar hoto ran Alhamis ƙarfe goma, sai ya kira Norris.

Ran Laraba shi da Norris suka kwance injin da ke jan koma a jirginsa na ruwa, suka ɗaure shi a barandar sama, suka fitar da ƙarfe mai ɗauke da igiya. Tun safe injin ke ƙara. Firiji ya hau yana lilo, gado ya hau a tsaye, aka ɓalle katako aka jera a bayan gida. Kafin la'asar ƙarƙashin gidan ya zama fayau, ba abin da ya rage sai Zulma a kan kujerarta, ta harɗe hannu.

Nan fa aka tsaya. Zulma shekararta saba'in da huɗu, kuma in ka cire launin gashin kanta, ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Ta ce duk wanda ya tambaye ta inda take kwana za ta nuna masa da yatsa. Alcide ya roƙe ta ta wuni gidan Norris, ta ce ba a haifi baƙon da zai kore ta daga gidanta ba. Ya lallaɓa, ya yi fushi, ya sake lallaɓawa, ko a jikinta.

Norris ne ya san lagon yayarsa. Da safiyar Alhamis ya leƙo daga baranda ya ce, "Yaya, ki yi zamanki kawai. Surukina ya ce shi zai haɗa miyar gumbo yau a nan sama. Ga shi can ya zuba gari a mai, ya ce ba sai an tsaya juyawa ba."

Zulma ta dubi mijinta kamar an ce mata ya sayar da jikoki. Ta ce a ba ta minti goma. Ta sa rigar zuwa coci da hula, ta rataya jakar hannu, ta ce in mutuwa ce ba za a same ta da rigar gida ba. Norris ya riga ya yi wa kujerar keji na ƙarfe irin kwandon jatan lande, aka ɗaure ta a ciki, Alcide ya ja igiyar tada inji yana addu'ar da ya manta ya iya.

Ta tashi lafiya lau. Ƙafa biyu, ƙafa huɗu, ƙafa shida. Sai injin ya yi tari biyu ya mutu. Aikin jiya ya shanye man, kuma a cikin maza biyun nan babu wanda ya tuna ya duba tanki. Suna cikin tura wa juna laifi farar mota ta shigo, minti ashirin kafin lokaci.

Mace ce ta fito, da allon rubutu da na'urar hoto, ta ce sunanta Darlene Lirette. Ta dubi ƙasa, ta dubi sama, ta dubi tsohuwa mai hula tana juyawa a hankali a tsakani.

"Ina kwana, Mis Zulma," in ji ta. "Hawa kike ko sauka?"

"Tambayi wancan tsohon, shi ne direba. Ke ba jikar Eula Lirette ba ce? Ga goshin nan. To buɗe kunnenki, 'yata, ni ba na ɓoye-ɓoye."

Daga nan sama ta zayyana komai, tun daga kujera har ragar sauro, da watan da gado ya sauko, da ɓangaren da take kwanciya. Alcide yana tsaye da galan ɗin mai babu mai a ciki, yana jin Houston tana matsowa. Tausayin kansa ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa.

Darlene ta zaga ƙarƙashin gidan. Ta ga sawun ƙafafun gado huɗu a siminti, ta ga kalanda da aka manta a jikin ginshiƙi. Ta cire kalandar ta miƙa wa Norris ba tare da ta dube shi ba, sannan ta ɗauki hotunanta.

"Mista Alcide, ni hoto aka aiko ni, ba labari ba. Yau dai babu gado. Amma kakata wata takwas ta yi a ƙarƙashin nata gidan, har ruwa ya shigo ya tafi da komai, ita ma da ƙyar aka fito da ita. Wanda zai zo baɗi ba ni ba ce." Ta nuna kujerar da alƙalami. "Wannan abin kuwa ban gan shi ba, don ban san sunan da zan rubuta masa ba."

Da ta tafi aka zuƙo mai daga motar Norris, injin ya tashi, Zulma ta ƙarasa sama. Alcide ya hau matakala yana haki, yana shirin shan faɗa har na mako guda. Sai ya tarar ba ta ko kwance ɗamarar ba. Kujerar ta tsaya tana fuskantar kudu, ita kuma ta ƙura wa can ido.

Daga ƙasa ciyawar bakin hanya ke tare ido, shi ya sa ba ta taɓa gani ba. Inda ubanta yake kiwon shanu ruwa ne shimfiɗe har ƙarshen gani. Itatuwan da ita da Norris suke wasa a ƙarƙashinsu suna yara sun bushe a tsaye, gishiri ya kashe su. Shingen gonar ne kawai ya rage, turakunsa suna shiga ruwa ɗaya bayan ɗaya. Alcide kullum yana bi ta wurin a jirgi, bai taɓa samun bakin gaya mata ba.

Ta riƙa ƙirgawa da yatsa, leɓenta na motsi.

"Turke talatin da ɗaya suka rage tsakaninmu da ruwan," ta ce. "Ni kuma saba'in da huɗu. Kira Jeanette ka ce ta ba wa wani ɗakin. A nan zan zauna in ga wanda zai riga wani, ni ko ruwan."

Alcide ya sunkuya yana goge injin da ba ya bukatar gogewa.

"Kuma gadon ya zauna a sama," in ji ta. "Yanzu ka sauke ni, na bar tabarau a kan matakala ta farko. Ka duba man tukuna."