Batirin da Ya Kumbura

Fiddausiya ta shekara a ɗakin gwaji na jami'a tana haɗa moto mai ƙafa uku da ke tafiya da batiri. Da hutu ta kawo shi garinsu Tamaske don ta gwada. Wata rana da hantsi ta buɗe akwatin batirin, ta ga batiri ɗaya ya kumbura, ya yi zafi, yana wani wari mai zaƙi-zaƙi. Ta san wuta ke tafe. Ta ruga maƙwabta aron kayan kwancewa. Da ta dawo, babu moto.

"Babanki ya tahi da shi," in ji goggonta. "Yayarki ta fara naƙuda, ya kai ta likita can garin Keita."

Nan take ta kira wayarsa, sai ta ji tana ƙara a zaure.