Tarin Fumie Kakizaki

"Ba inda za ni," in ji Fumie, ko ɗago kai ba ta yi daga kabejin da take yankawa ba.

"Yaya, da wuya Likita ya kai yamma," na ce. "Ke yake ta kira."

"Ya kira Tokyo mana. Ba can ya bar mutanensa ba?"

Na tsaya a bakin ƙofa da takalmina, dusar ƙanƙara na narkewa a kafaɗata. Ni ce mai awarar layinmu, gidana tsakanin nata da na Likita Hoshikawa, shi ya sa duk rigimarsu a kaina take ƙarewa.

Likita shi ya karɓi haihuwar rabin ƙauyen nan. Rana ɗaya muka gan shi a kan mota da farin safar hannu, lasifika na ta maimaita sunansa. Ya ce mu tura shi majalisar ƙasa ya kawo mana babban asibiti. Muka tura shi, har da ni da rawar kaina. Ya kulle ɗakin shan maganinsa, ba wanda ya gaje shi. A hunturun farko mijin Fumie ya faɗi da ciwon ƙirji, ya cika a mota kafin a tsallake dutse zuwa asibitin birni.

Asibiti bai zo ba. Titi ya samo mana, mai kyau kuwa, samarinmu suka bi shi ba su dawo ba. Da tsufa ya kama Likita ya dawo shi kaɗai. Kullum da safe sai ya tsaya ƙofar Fumie ya rusuna, ita kuma ta ja tagarta ta rufe.

"Ba gafara yake nema ba," na ce. "Tarinki ne. Ya ce tun kaka yake jin sa idan ya tsaya ƙofarki, kuma ba na mura ba ne. So yake ya saurari ƙirjinki."

Ta ajiye wuƙar.

"Oho! Yau mai girma ya tuna shi likita ne? Ki ce masa ya makara, Kinuyo. Ya makara tun ina da baƙin gashi."

Raina ya ɓaci, amma ban ga laifinta ba. Na koma.

Yana kwance a katifarsa a ƙasa, an ja masa bargo har wuya. Ɗansa na cikin jirgin ƙasa, ƙanƙara ta tsare su a hanya.

"Tana zuwa?"

"Tana ɗan aiki ne, Likita."

"Ba ki iya ƙarya ba, tun kina ƙarama." Ya yi murmushi. "Ki matsa mata ta je a ɗauki hoton ƙirjinta. Ba za ta ji daga bakina ba."

"Ka huta."

"Na zaci daga can zan yi wa dubbai magani lokaci guda. Sai taro, sai tafi, sai rusunawa. Ko mutum ɗaya ban sake taɓa goshinsa ba."

Bayan azahar numfashinsa ya tsaya. Na yi kuka sosai, don ya ba ni tausayi, kuma haushinsa bai gama fita daga raina ba.

Na ɗebo ruwa a kofi, na naɗa auduga a tsinken cin abinci don a jiƙa masa leɓe, ruwan ƙarshe da ake ba mamaci. Na jini ya kamata ya fara, ga shi babu kowa. Ina cikin wannan tunani na ji tari a zaure.

Fumie ce, ta saka baƙin kimononta, doguwar rigar makoki. Ta dube shi, ta dube ni.

"Ya tafi?"

"Yanzun nan, Yaya."

Ta durƙusa, ta karɓi tsinken daga hannuna, ta shafa masa ruwan a hankali.

"Ruwa na ba ka," ta ce masa. "Kada ka ɗauka wani abu ne."

Ta ɗaga bargon don ta haɗa masa hannuwa a ƙirji. Hannun damansa a dunƙule yake. Da ta buɗe yatsun, sai ga kan abin sauraron ƙirjinsa a tafin. Haka yake yi mana a da, ya ɗumama ƙarfen kada sanyinsa ya firgita marar lafiya.

Fumie ta ɗauke shi ta riƙe da hannu biyu. Da sauran ɗumi a jikin ƙarfen.