Ranar da Aka Gwada Adama

Adama, ɗiyar Malam Mati manomi a Pauwa, tana da shekara biyar sanƙarau ya kwantar da ita. Ta tashi, amma kunnuwanta ba su tashi ba. 'Yan kalmomin da ta iya kafin ciwon suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, har ya zamana in ta buɗe baki sai wani sauti ya fito wanda ba mai gane shi sai ubanta. Uwarta ta rasu tun tana goye, don haka ita da shi suka ƙirƙiro maganarsu ta hannu. Shafa haɓa shi ne Baba, lanƙwasa yatsu biyu a ka shi ne akuya.

Malam Mati ya sa ta firamare ne don kawai kada ta zauna gida ita kaɗai in ya tafi gona. A nan ta haɗu da Malama Rahila, mutuniyar Ketare, wadda ta yi shekara goma sha biyu tana koyarwa. Ajinta yara tamanin da wani abu ne, kuma ba wanda ya taɓa koya mata yadda ake karantar da kurma. Ta dai maido da Adama layin gaba, ta koyi alamun yarinyar a wurin ubanta, ta ƙara wasu nata. Da ƙwayar wake ta koya mata lissafi. Kafin su kai aji shida babu mai riga Adama gama rabawa a ajin. Karatu kuwa, sai Malama ta zana abu ta rubuta sunansa a ƙasa. A haka Adama ta san kalmomin Hausa sama da ɗari. Turanci ba ta san ko ɗaya ba, sai dai tana kwafe shi daga allo da rubutu mai kyau kamar na ɗab'i.

Ana tsakiyar damina hedimasta ya kira Malama Rahila ya nuna mata wata takarda. Jami'ai za su zo daga birni ranar Talata, su zauna a Kankara su tantance yara masu buƙata ta musamman. Wanda ya ci za a ba shi gurbi a makarantar da ta dace da shi. Akwai ta kurame, ta kwana, amma ba sa ɗaukar wanda ya wuce shekara goma sha biyu. Adama tana cikin ta sha biyun.

Malama ta sami Malam Mati a gona yana maimai.

"Makarantar kwana?" ya ce, ya jingina da fartanyarsa. "Malama, kin san abin da ƙasar nan ta gani. Mai kunne ma ya ya ƙare, balle wadda ko harbi aka yi ba ta ji?"

"Cikin birni take, Malam, ba bakin daji ba. Can kowa da hannu yake magana. Ni abin da na sani ya ƙare, ba ni da sauran abin da zan ba ta."

"To mi za su yi mata a wajen gwajin?"

"Tambayoyi ne kawai. In dai suka ba ta lissafi, shi ke nan."

"Allah shi sa," ya ce.

Ranar Talata ba su bar gari ba sai da hantsi, bayan motocin farko sun shigo an tabbatar hanya lafiya. Malam Mati ya goya Adama a babur ɗin maƙwabcinsa, Malama ta hau na haya. Adama ta sa kayan makarantarta da ta wanke da kanta, ta riƙe fensir biyu.

Sun tarar da harabar cike. Makafi, guragu, kurame, da waɗanda iyayensu ma ba su san sunan abin da ke damunsu ba. Wasu daga Sheme suka zo, wasu tun daga Sabuwa. Jami'ai uku ne kacal, kuma tun da suka sauka direbansu ya faɗa wa kowa cewa kafin la'asar za su juya, don ba zai bi hanyar nan da yamma ba. Aka ba Adama lamba hamsin da huɗu.

Sai bayan azahar aka kira ta. Malama ta tashi za ta bi ta, mai tsaron ƙofa ya tare.

"Ba a shiga da malami ko uba. Suna gaya wa yara amsa."

"Ba ta jin magana. Ni ce nake mata fassara."

"Akwai mai yi musu a ciki."

Malama ta zagaya ta tsaya a bakin taga. Mai gwajin wani matashi ne, an rubuta Abdulgafar a katin da ke wuyansa. Idanunsa sun yi ja, ga kwanon abincinsa a gefe bai ko buɗe ba. A kan tebur akwai na'urar gwada ji a cikin akwatinta. Ba wuta a garin tun shekaranjiya, batirinta kuma ya mutu a kan yaro na tara. Sai ya zagaya bayan Adama ya tafa hannu da ƙarfi. Ba ta waiwaya ba. Ya rubuta.

Ya dawo gabanta ya fara magana da hannu, da sauri, irin maganar da ake koyarwa a makarantun kurame. Sunanta yake tambaya. Adama ta ƙura wa yatsunsa ido. Ba ta taɓa ganin waɗannan alamun ba. Ya maimaita a hankali. Ta yi murmushi, ta shafa haɓarta ta nuna waje, wato Babanta yana nan. Ya sake rubutawa.

Sannan ya miƙa mata takarda mai hotuna, da umarni da Turanci a sama: ta zagaye wanda ya bambanta da sauran. Adama ta ga rubutu, ta ga fili a ƙasansa, ta yi abin da ta saba yi in an rubuta Turanci a allo. Ta sunkuya ta kwafe umarnin harafi bayan harafi, ta ja layi a ƙasa da gefen fensir ɗinta na biyu, ta miƙa masa da hannu biyu.

Malama ba ta san lokacin da ta yi magana ta taga ba.

"Malam, don Allah ka ba ta lissafi. Ko ɗaya ne."

Ya ɗago. "Ke ce malamarta?"

"Ni ce. Ba ta san irin hannunku ba ne, kuma ba ta jin Turanci. Ka rubuta mata rabawa ka gani."

"Malama, lissafi yana kashi na biyu. Wanda bai wuce kashi na ɗaya ba, ba a buɗe masa na biyu. Ba ni na tsara ba."

"Minti ɗaya ne."

Ya dubi ƙofa. Akwai sauran yara fiye da ashirin. Ya ja wata farar takarda ya rubuta tamanin da huɗu a raba bakwai. Kafin ya mayar da murfin alƙalaminsa Adama ta rubuta sha biyu. Ya ɗauki takardar ya duba.

"Na gani," ya ce. "Amma babu inda zan rubuta shi a fom ɗin nan. Gida uku ne: ta cancanta, tana buƙatar ƙarin gwaji, ko ba za ta iya ba. Da makin da ta samu, na uku ya kamata in sa mata. In na sa na farko, za su duba makin su soke. Zan sa na tsakiya. Ku kai ta asibiti a birni a auna kunnen da na'ura, ku kai sakamakon ofishinmu kafin ƙarshen wata."

Adama ta fito tana tsalle. Ta nuna wa ubanta yadda ta rubuta da sauri, da yadda mutumin ya gyaɗa kai.

Sau biyu Malam Mati ya kai ta birni. Na farko aka ce mai aunawar ya tafi kwas. Na biyu aka ba su rana, wata uku masu zuwa. Malama ta rubuta wasiƙar roƙo, hedimasta ya sa hannu ya buga hatimi, ta haɗa da littattafan lissafin Adama guda biyu ta aika. Ba a amsa ba. Da wata ya ƙare aka liƙa sunaye. Yara shida aka ɗauka daga cikin duk waɗanda suka taru ranar nan.

Adama kuwa tun dawowarsu daga Kankara ta ɗaure kayanta a buhu, har da kofinta. Malama ta zaunar da ita a bayan aji don ta gaya mata, sai ta tarar ba su da alamar da za ta ce an rufe. Suna da a'a, suna da gobe. Ta kasa yin a'a. Ta jefa hannu gaba: gobe.

Kowace safiya Adama sai ta zo ta tsaya gaban teburinta ta ɗaga gira. Malama ta jefa hannu gaba. Aka yi kusan sati uku a haka. Wata rana Adama ta dube ta sosai, ba ta tambaya ba, ta wuce ta zauna a layin baya.

Ranar da asibiti suka bayar ta zo ana tsakiyar girbi, Malam Mati ya bar masararsa ya kai ta. Takardar ta ce ba ta ji ko kaɗan, kuma ba abin da ya taɓa hankalinta. Malama ta kai takardar ofis da kanta. Magatakarda ya duba ranar haihuwa ya ce kafin ɗauka ta gaba yarinyar ta shiga sha uku. Ya miƙo mata takardar.

Kafin rani ya yi nisa aka kai hari wata unguwa kusa da su. Malam Mati ya kwashe abin da zai iya, ya koma wurin ƙanwarsa a Sabuwa. Ya biyo ta makaranta ya yi sallama.

"Kin yi iyakar yinki, Malama. Allah bai nuhwa ba."

Adama tana kan amalanke a bakin hanya. Malama ta ɗaga mata hannu, ita ma ta ɗaga, ta juya kai. Daga baya labari ya zo cewa tana taya gwaggonta surfe, ba a sa ta wata makaranta ba.

Da damina ta zagayo, jami'an suka sake aiko a ba da sunaye. Akwai wasu 'yan mata biyu a ƙananan azuzuwa, ɗaya ba ta gani sosai, ɗaya magana na yi mata wuya. Malama Rahila ta je gidajensu. Uban ta farko ya ce ba zai bar gona ba. Uwar ta biyu ta saurare ta har ƙarshe, ta ce, "Ai mun ga na Malam Mati."

Malama ta koma ofishin hedimasta. Ya tambaye ta suna nawa zai rubuta. Ta ce ya rubuta babu.